A ja wayar intanet, amma ta tsaya a zaure

Mu huɗu ne muke haya a gida ɗaya a Baudeta, dukkanmu malaman makaranta da aiki ya kawo. Kowa da ɗakinsa, amma tsakar gida ɗaya ce, randa ɗaya, bayan gida ɗaya. Uku daga cikinmu iyalanmu na Tasawa da Maraɗi, sai ƙarshen wata muke leƙa su. Na huɗun shi ne mai iyali a kusa, yana sashen ciki shi da maiɗakinsa, wadda ita ma malama ce a firamare. Bara muka yi karo-karo muka sayi farantan sola biyu da batir guda, daga baya muka ƙara da ɗan akwatin nan mai raba intanet da ake saka wa layin waya, wanda wasu ke ce wa modem, wasu rauta. A tagar ɗakina yake zaune, saboda nan ne rezo ya fi kamawa a duk gidan. Duk wata kowa ya kawo nasa, a sayi forfe, a yi ta lallaɓawa har wata ya mutu.

Haka muke zaune lafiya har babban hutu ya ƙare. Da aka koma makaranta a watan Oktoba, ƙaraminmu, wanda bai fi shekara biyu da fara koyarwa ba, ya dawo da kaya biyu. Na farko ƙanensa ne, yaro ɗan shekara goma sha biyar, da mahaifinsu ya turo daga ƙauyensu a ƙasar Mayahi don ya yi ajin ƙarshe na koleji a gaban wansa, ya zauna jarrabawar BEPC. Na biyu kuwa wata ƙatuwar kwamfuta ce ta tebur, ta hannu, da wani abokinsa ya sayo masa daga Kano, irin wadda aka haɗa musamman don wasanni, da fankoki a cikinta suna walƙiya ja da kore kamar motar amarya.

Bayan kwana uku ya same ni bayan sallar isha'i. Ya ce, "Malam, wata alfarma nake nema. Wi-Fi ɗin nan ba ya kai wa ɗakina yadda ya kamata. Ko dai a mayar da akwatin wajena, ko a bar ni in huda bango in ja waya."

Na ce masa ya bari mu haɗu gaba ɗaya. Maganar da ta ci mana mako uku ke nan, har ta kai mutum biyu sun daina sa hannu a kwano ɗaya. Abin da na fito da shi daga cikinta nake so in ajiye a gaban iyaye da malamai ƴan'uwana, domin tambayar tana tafe gidaje da yawa, in ma ba ta riga ta iso ba. Ra'ayina shi ne a ja wayar, amma a kai ta zaure ko wani wuri da kowa ke giftawa. Kada ta shiga ɗakin da yaro ɗan makaranta yake kwana.

Bari in fara ba abokin aikina gaskiyarsa, don yana da ita. Da farko mun zaci fitina ce kawai, tunda mu wayoyinmu suna buɗe WhatsApp daga ko'ina a gidan, har daga ƙofar ɗakin nasa. Ashe buƙatar mai wasa daban take. Mai kallon bidiyo a YouTube bai damu ba idan saƙo ya makara da sakan ɗaya ko biyu, domin wayarsa tana tara abin da ke gaba ta ajiye masa. Mai wasa da wasu mutane kai tsaye ba shi da wannan gatan. Duk sa'ad da ya danna maɓalli, sai saƙon ya tashi daga kwamfutarsa, ya bi ta akwatin, ya hau eriyar kamfanin waya, ya ratsa ƙasashe har ya isa babbar kwamfutar masu wasan, wadda sau da yawa tana Turai, sannan amsa ta dawo. Tsawon wannan kai da komowa shi yaran ke kira ping, kuma da milisakan ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Idan yana ƙasa da 100 ana wasa cikin daɗi. Idan ya haura 200, sai an zura maka ƙwallo kafin ɗan wasanka ya ɗaga ƙafa.

Mafi yawan wannan jinkiri babu yadda za mu yi da shi. Nijar ba ta da teku, dole intanet ɗinmu ya bi ta wayoyin maƙwabta kafin ya kai ga manyan wayoyin da ke shimfiɗe a ƙarƙashin ruwa. Abin da ke hannun mai gida shi ne ɗan tazarar da ke tsakanin akwatin da kwamfuta, kuma a nan ne gine-ginenmu suke ba Wi-Fi wahala. Akwatunan zamani suna watsa shi ta zango biyu, 2.4 da 5. Na 2.4 ya fi nisa kuma ya fi ratsa bango, sai dai yana da nawa. Na 5 ya fi sauri, amma bangon ƙasa mai kauri guda ɗaya ya isa ya raunana shi, balle a haɗa da ƙofar ƙarfe da rufin kwano. Tsakanin tagata da ɗakin abokin namu akwai bango uku.

Ya zo mana da dabaru da ya gani a intanet. Akwai ƴar na'urar da ake sokawa a tsakiyar hanya ta kama Wi-Fi ta sake watsa shi gaba. Tana ƙara nisa, amma tana rage sauri kuma tana ƙara jinkirin da ake gudu, ga shi ita ma wuta take ci. Akwai wasu guda biyu da ake sokawa a soket su bi da intanet ta cikin wayar lantarkin gida. Waɗannan an yi su ne don gidan da aka yi wa wayarin tsaf a kan mita ɗaya. Namu kuwa haɗe-haɗe ne daga inbata, wannan ya ɗaura nan, wancan ya ɗaura can. Abin da ya rage shi ne mafi sauƙi kuma mafi arha: wayar intanet ta kai tsaye, irin mai kan roba da ake sokawa a bayan akwatin. Tana kai mita 100 ba tare da ta rage komai ba, ba ruwanta da bango, ba ruwanta da kwano, ba ta shan wuta. Don haka duk wanda ya ce maka waya ce maganin matsalar mai wasa, bai yi ƙarya ba.

To, amma gidan haya ba gidan mutum ɗaya ba ne. Da muka zauna, abu na farko da ya fito shi ne bango. Mun je wajen mai gidan, dattijo ne, ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce, "Malamai, ginin nan na ƙasa ne, duk shekara sai na yi masa yaɓe. Ku huda shi, damina ta zo ruwa ya samu hanya, ku kuma a yi muku canjin wurin aiki ku tafi, wa zai gyara?" Ba mu da amsa. Ya yarda a bi da wayar ta saman taga, a sa ta cikin bututun roba don rana da ɓera, a bi da ita ta ƙarƙashin bakin rufi. Ya ƙara da cewa in hadari ya taso a zare ta daga akwatin, kuma mai gyaran sola ya tabbatar mana dattijon ya yi daidai, domin doguwar waya a waje tana iya jawo wa na'urori lahani lokacin tsawa.

Abu na biyu shi ne batir, kuma a nan ne aka fara ɗaga murya. Malamin lissafinmu ya ɗauki alli ya rubuta a bayan ƙofa. Batir ɗinmu mai bolt 12 ne, amfiya 100, wato abin da yake ɗauka in ya cika ya kai wat 1,200 na awa ɗaya. Irin wannan batir ba a so a zuƙe fiye da rabinsa in ana son ya yi ƙarko, saboda haka abin da muke da shi a zahiri 600 ne daga faɗuwar rana zuwa fitowarta. Akwatin intanet bai wuce wat 10 ba. Ƙwan fitila na zamani bai kai haka ba ma. Cajin waya guda daga mutuwa zuwa cika bai wuce 15 ba. Kwamfutar wasa ta tebur kuwa, in wasa ya yi zafi, tana jan wat 300 ko fiye, ban da allonta. Ke nan awa biyu na wasa da dare ya cinye abin da zai caja waya arba'in, ya bar mutum huɗu da iyali guda cikin duhu, babu fanka, babu fitilar gyaran takardun ɗalibai. Mun ga hakan da idonmu a daren Juma'ar farko, inbata ya yi ƙara ƙarfe goma sha ɗaya, komai ya mutu. Wanda ya ga yadda garuruwan jihar Maraɗi suka sha duhu bayan da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023 ba sai an yi masa wa'azi a kan darajar batir ba.

Abu na uku shi ne forfe, kuma a nan ni ne na ji kunya. Na shiga zaman da tabbacin cewa kwamfutar ce ke cinye mana giga. Sai yaron, ɗan shekara goma sha biyar ɗin nan, ya buɗe shafin akwatin a wayar wansa ya nuna mana abin da kowace na'ura ta sha a mako guda. Wasan kai tsaye ba ya cin abin a zo a gani. Yawancin wasanni ba sa kai mega 100 a awa. Bidiyo mai tsabtar hoto kuwa yana iya lashe giga guda ko fiye a awa ɗaya. Wayar da ta fi kowace ci a gidan tawa ce, saboda fina-finan Hausa masu dogon zango da nake kwana kallo. Aka yi dariya, na haɗiye. Inda kwamfutar take yin ɓarna shi ne wajen saukar da sabon wasa ko sabunta tsoho. Manyan wasannin kwamfuta akwai masu haura giga 100, kuma sabuntawa guda tana iya cinye forfen wata cikin dare ɗaya, ba tare da ta tambayi kowa ba. Ana iya hana ta: a cikin Windows akwai wurin da ake shaida wa kwamfuta cewa intanet ɗin na awo ne, kuma a manhajar wasannin ana iya kashe sabuntawa ta kai da kai. Yaron ne ya nuna mana wannan ma.

Na kawo waɗannan ne don iyaye su san cewa yawancin faɗan da ake yi a kan wasan kwamfuta a gidan tarayya ana iya kashe shi da alli da lissafi. Wanda ya ci da yawa ya biya da yawa, wanda zai taɓa bango ya nemi izini, abin da ke jan wuta a kunna shi da rana tsaka lokacin da farantan ke samar da fiye da abin da ake buƙata. Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da alli bai warware ba shi ne inda wayar za ta ƙare.

Abokin namu ɗakinsa yake so, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce shi baligi ne, da guminsa ya sayi kayansa, kuɗin hayarsa yake biya, kuma a garin da babu wurin shaƙatawa, ga nisa da gida, wasan nan ne abin da ke ɗebe masa kewa. Da shi kaɗai ne, da na ce ya sayi batir ɗinsa ya yi abin da ya ga dama. Amma a ɗakin nan akwai tabarma ta biyu, kuma mai kwana a kanta yaro ne da aka kawo amana, wanda ke da jarrabawa a gabansa. Wan yana da darasi da safe, yana da taron malamai, yana tafiya Tasawa karɓar albashi ya kwana biyu. A duk waɗannan lokuta, in kwamfutar tana ɗaki a bayan ƙofar ƙarfe, babu mai sanin ko yaron lissafi yake yi ko harbi. Mu malamai mun san fuskar ɗalibin da bai yi barci ba. Yana zaune a aji, idonsa a buɗe, amma ka tambaye shi abin da ka faɗa yanzu sai ya kalle ka kamar da Larabci ka yi.

Kuma ba rashin barci kaɗai ba ne. Yawancin wasannin zamani suna haɗa yaro da mutanen da bai sani ba, su yi ta hira da murya cikin Faransanci ko Turanci, da zagi da batsa da duk abin da ya zo bakinsu. Da yawa a cikinsu kyauta ake shiga, amma a ciki ake sayar da riguna da bindigogi da ƴan wasa, wani lokaci a cikin rufaffen akwati da ba ka san abin da zai fito ba sai ka biya. Hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta duba irin waɗannan akwatuna a wasu wasanni a 2018 ta ce caca ce. Daga nan zuwa cacar ƙwallo ta intanet, wadda ta riga ta kama samarinmu da yawa a birane, taku ɗaya ne. Allon da ke zaure, wanda duk mai shiga da fita yake gani, ba ya hana wannan gaba ɗaya, amma yana sa yaro ya yi tunani sau biyu, kuma yana ba babba damar tsayawa ya ce, wannan kuma mene ne?

Da labari ya kai wa mahaifinsu, sai ya kira ni a waya, tunda ni ne babba a gidan. Ya ce, "Malam, karatu na turo shi. In abin nan zai hana shi, ku sayar, in babu mai saye ku fasa shi." Na san iyaye da yawa da ke karanta wannan za su ce dattijon ya yi daidai. Ni ban yarda ba, kuma na gaya masa cikin ladabi. Na ce, "Baba, in muka fasa wannan, akwai wata a kasuwa da ba za mu iya fasawa ba."

Abin da nake nufi, kowane gari mai ɗan girma a yankin nan yanzu yana da rumfar da yara ke biyan kuɗi su buga ƙwallo a PlayStation, kuma ko babu ita, Free Fire da PUBG a wayar hannu suke, ba sa neman kwamfuta. Tun da Starlink ya fara aiki a Nijar a hukumance a watan Maris na 2025, masu sayar da tikitin Wi-Fi suna ta ƙaruwa, har a wuraren da layin waya ke wahalar kamawa. Taurarin wannan kamfani suna shawagi ne a nisan kilomita 550 ko kusa da haka, saɓanin tsofaffin da ke can kilomita 36,000, shi ya sa jinkirinsu kaɗan ne har ana iya wasa da su. Ma'anar wannan ga uba ita ce, katangar da rashin rezo ta yi wa ƙauyukanmu tana rushewa. Yaron da aka hana a gida zai samu a gindin wata bishiya da ƴan canjin da aka ba shi na karin kumallo, tare da waɗanda suka girme shi, a lokacin da kake zaton yana wajen bita. An gudu ba a tsira ba.

Sannan bai kamata mu tsorata kanmu fiye da kima ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kamuwa da wasannin kwamfuta cikin jerin cututtuka da aka amince da shi a 2019, ya fara aiki a 2022. Amma ta bayyana abin da take nufi: mutum ya kasa riƙe kansa, wasan ya ture masa sauran al'amuran rayuwa, ya ci gaba duk da yana ganin illar, kuma hakan ya ɗore, galibi har shekara guda. Hukumar da kanta ta ce kaɗan ne daga cikin masu wasa ke kai wa nan. Yaron da ya buga ƙwallo awa biyu ranar Asabar ya tashi ya tafi masallaci ba mara lafiya ba ne. Ko ƙasar Sin, da ta fi kowa tsauri a wannan fage, ba ta haramta ba: a watan Agustan 2021 ta ƙayyade wa ƴan ƙasa da shekara 18 awa ɗaya a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Su gwamnati ce ta sa kamfanoni suka riƙe musu agogo. Mu ba mu da mai riƙe mana, sai idon ƴan gida, kuma ido ba ya ratsa ƙofar ƙarfe.

Akwai kuma abin da za a yi asara in an fasa. Yaron nan da ya buɗe mana shafin akwati, shi ya auna tsawon wayar, shi ya tsaya a kan mai haɗa kawunanta har ya koyi jeren launuka takwas da ke cikinta. Cikin mako biyu ya iya abin da masu kafa Wi-Fi a kasuwanni suke karɓar kuɗi a kai. Da yamma, bayan wasa, na ga wansa yana koya masa buga rubutu da yatsu goma, kuma mu kanmu mun fara buga tambayoyin jarrabawa a kanta maimakon mu kai wa mai shago. Kwamfutar da ke iya ɗaukar manyan wasanni tana iya ɗaukar duk wani aikin makaranta. Tana ɗaki, abin wasan mutum ɗaya ce. Da ta fito zaure sai ga ta tana yi wa gida aiki.

Shawarar tawa tana da naƙasu, kuma ba ni na gano shi ba. Malama, maiɗakin abokinmu, ita ta aiko mijinta da magana biyu. Ta farko, kada a kuskura a ɗauke akwatin daga tagata, domin daga nan ne kaɗai Wi-Fi ke isa sashen ciki, kuma da shi take karɓar saƙonnin makarantarsu da shirya darasi. Mu maza huɗu mun yi mako biyu muna gardama babu wanda ya tuna da wannan. Ta biyu ta fi zafi. Ta ce zaure wurin maza ne. In kwamfuta ta zauna can, ita da ƴar ƙanwarta da take riƙo sai dai su ji labari. Gaskiya ta faɗa. A gidanmu ba mu samu mafita mai kyau ba, in ban da cewa safiyar Lahadi ana rufe ƙofar waje a bar musu zauren na awa biyu. Amma ga iyaye masu gidan kansu, sai in ce kada ku kama kalmar zaure da ƙarfi. Abin da ake nema wuri ne da ido ke kai, ko rumfar tsakar gida ce, ko falon uwargida, inda ƴaƴa mata ma za su iya zama su taɓa. In ba haka ba za mu wayi gari samari sun iya kwamfuta, ƴan mata suna leƙe ta taga.

Sai maganar ɓarawo da ƙura. Zaure ya fi kusa da titi, dole aka sake wa ƙofar kwaɗo aka sa sakata ta ciki, kuma da hunturu ya shigo sai da aka ɗinka wa kwamfutar riga. Wannan kuɗi ne, mai kayan ya biya yana ƙunƙuni.

Ga iyayen da ƴaƴansu ke zaman haya a Tasawa don lise, ko a Maraɗi don Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, na san ba kwa nan balle ku ce a sa tebur a zaure. Amma kuna aika kuɗi, kuma mai aika kuɗi yana da ikon tambaya. Idan yaro ya ce a ƙaro masa don sun haɗa kuɗin Wi-Fi, a tambaye shi su nawa ne, nawa kowa ke bayarwa, a ɗakin wa akwatin yake, wa ke riƙe da lambar sirri. Idan ya ce yana buƙatar kwamfuta don karatu, kuma kuɗin da ya faɗa ya ninka na abokansa, to akwai yiwuwar ta wasa yake nufi. Ba laifi ba ne ya so ta, amma ya faɗi gaskiya a yi ciniki a kai. In kun kai ziyara ku ce ya kunna muku wasan ku gani. Yawancin wasanni suna ɗauke da lambar shekaru da hukumar Turai mai tantance su ta sa: 3, 7, 12, 16 ko 18. Wasan ƙwallo na eFootball 3 ne, Fortnite 12, GTA V kuwa 18, kuma na sha ganin wannan na ƙarshe a hannun ƴan firamare a rumfunan wasa. Ba sai ka iya boko ba kafin ka karanta lamba.

Mu malamai kuma mu daina yi kamar ba mu san abin da ɗalibanmu ke yi da dare ba. A taron iyaye muna magana a kan kuɗin alli da rufin aji, ba ma cewa komai game da wayar da ke ƙarƙashin matashin kai. Da yawa daga cikin iyayen Baudeta manoma ne da ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, kuma mu suke kallo mu gaya musu inda haɗarin yake da inda babu shi. In muka ce musu duk haramun ne, yaran za su san ƙarya muke, su daina saurarenmu har a kan abin da yake gaskiya.

Yanzu dai wayar tana nan, mita talatin, ta fita ta saman tagata, ta bi bakin rufi cikin bututu, ta sauka a zaure. Ana kunna kwamfutar daga hantsi zuwa la'asar kawai, lokacin da rana ke kan farantan. Mai ita yana biyan kaso biyu na forfe, kuma in zai saukar da wani babban abu sai ya sayi nasa daban. Yaron yana wasa Asabar da Lahadi bayan azahar, in ya nuna wa ɗayanmu aikin gidansa. Sau biyu aka kama shi ya zarce, sau ɗaya aka kama wan nasa. Ni kuma na rage fina-finai, ba don na so ba.

Abokin namu bai haƙura ba. Yana tara kuɗin batir da faranti nasa na kansa, kuma ya gaya mini ranar da ya saya zai sake kawo maganar ɗaki, tunda hujjar wuta ta faɗi. Na ce masa ya bari a yi BEPC tukuna. Ranar da yaron ya ɗauki jakarsa ya hau motar Mayahi, ni da kaina zan hau tsani in taya shi kwance wayar daga bakin rufi.